Albarka Ba Sallama Ba Ce

Raƙuma uku, shanu tara, da tumakin Yaya Rabi goma sha biyu. Abin da na kai kasuwar bisashe ta Dakoro ke nan na sayar, na juya kuɗin zuwa jemammun fatun jar akuya, ɗauri arba'in, na bi su zuwa Amirka. Raƙuman da shanun nawa ne, gumin shekarun da na yi ina dillanci tsakanin Fulani da Buzaye da mahauta. Tumakin kuwa na yayata ne, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara a Ajekoriya. Ranar da ta ba ni su ta ce, "Ba rance na ba ka ba, Idi. Na sa su cikin ciniki. In an ci mu ci tare, in an faɗi ka zo ka gaya mini da bakinka." Da rance ta ba ni da ya fi mini sauƙin ɗauka.

Yau yaran kasuwa Alhaji Girgiza suke ce mini, saboda in aka taya kayana da tayin da bai yi mini ba, sai na girgiza kai kafin in buɗe baki. Suna zaton tsufa ne. Wurin wani mutum na koyo, wanda sau ɗaya tak na gan shi, daga nesa, cikin wani wasa da ban san kansa ba.

Wanda ya kira ni Amirka shi ne Ɗan Ladi, wani ɗan Kornaka da na sani tun yana yaron mota a tasha. Ya riga ni tafiya da shekaru, in ya zo ganin gida ya zo da agogo da takalmi mai ƙyalli. Shi ya ce mini mutanen can suna neman fatar jar akuyarmu ido rufe, in kawo kawai, mai saye na jira.

A Niw Yok na iske babu mai jira. Na iske ɗaki guda da ƴan Nijar da yawa a ciki, ana barci bi da bi, wasu na tuƙa taksi, wasu na sayar da huluna da agoguna a bakin titi. Mutanen kirki ne, sun ba ni katifa da shinkafa, amma akwai tambaya ɗaya da ba a yi a ɗakin nan: yaushe za ka gida. Kafin fatun su fito daga duwan, wato kwastan, kuɗin saniya guda ya tafi. Da na shimfiɗa su a titi, masu wucewa suka riƙa shafawa suna yabawa, suna tambayar ina jakar da aka ɗinka da ita. Jaka suke so, ba fata ba. Na dubi Ɗan Ladi, ya ce a ƙara haƙuri, kasuwar tana gaba.

Gaban kuwa hanya ce. Muka shiga motar wani Bamale, mutumin ƙasar Mali, da ke zagaya garuruwa inda baƙaƙen fatar ƙasar ke taron biki, mu kafa rumfa mu sayar, mu naɗe mu wuce. Ban taɓa sanin hanya na iya yin tsawo haka ba tare da an ga ko jaki ba. Burodi da kifin gwangwani safe da yamma, har na riƙa mafarkin fura da nonon Sabon Maci. Fata ɗaya yau, biyu gobe. A wani gari ina salla bayan mota kan kwali, wata mata mai sayar da ƴan kunne ta bar rumfarta ta tsaya kan kayana. Da na sallame na iske ta sayar mini da fata guda, ta miƙo kuɗin cif, ta koma wurinta. Ko sunanta ban tambaya ba, don ba ni da harshen tambaya.

Tafiyar ta ƙare a wani babban gari da ke bakin tabki, tabkin da ba a ganin ƙetarensa. Nan Bamalen ya ce motarsa ta gaji da nauyin fatu, ya sauke su ya juya. Bizata kuma ta kusa ƙarewa. Ɗan Ladi ya yi ta yawo har ya samo inda za a aje kayan, bayan shagon wani tsoho mai gyaran takalma.

Tsohon baƙin Ba'amurke ne, dogo, mai furfura, yatsunsa duk kanta. Na sa masa Baba Baduku, shi kuma Idi ya gagare shi, sai ya ce Edi. Ya yi soja a Faransa yana saurayi, ya dawo da ɗan Faransanci a bakinsa, ni ma nawa na kasuwa ne, wanda na tsinta wurin ƴan duwan da jandarmomi. Da waɗannan guntaye muke hira. Ranar da aka shigo da fatun ya zaro ɗaya, ya murza ta a tafinsa, ya ja ta, ya sansana. Sannan ya ce in kwana a shagon kan benci in ina so, kuɗin otel ya huta. Ya ƙi karɓar ko sisi.

Ana nan Ɗan Ladi ya zo da mai saye, wani Bature jajir mai faɗin kafaɗa da ke kai wa masu ɗinka safar hannu fata. Ya duba ɗauri uku, ya san abin da yake gani, na ga haka a idonsa. Ya faɗi tayinsa, Ɗan Ladi ya juya mini da Hausa. Bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na kashe ba. Da wannan kuɗi ko tumakin Yaya Rabi ba za su dawo ba in an cire guzurin hanya.

Na yi abin da kowane ɗan kasuwa zai yi a Dakoro. Na yi murmushi don kada baƙo ya ji kunya, na ce, "Albarka."

Ɗan Ladi ya yi masa magana da Ingilishi. Baturen ya washe baki ya miƙo hannu. Na ce a raina wannan ɗan kasuwa ne na gaske, an ƙi tayinsa bai ji haushi ba, zai dawo ya ƙara. Na ba shi hannu muka gaisa.

Da ya fita Ɗan Ladi ya ce, "To, Yaya Idi, an gama. Litinin zai turo kamiyo, babbar mota, a kwashi kayan."

"An gama me? Albarka na ce."

"Ka ce albarka, amma ka ba shi hannu. Nan ba Dakoro ba ne. Nan in ka ba mutum hannu bayan tayi, ka sayar. In ka tashi magana polis zai kira, ga bizarka saura kaɗan. Kai ka jawo, ni me zan yi?"

Na yarda da shi. Ƙasar ba tawa ba ce, kuma ni mutum ne da ya rayu da cika magana. Dillalin da ya tashi ciniki sau ɗaya, Bafulatani ba zai ƙara ba shi igiyar saniya ba. Na ɗauka hannuna ya yi abin da bakina bai yi ba, sai in haɗiye. Abin da ya rage mini shi ne in shirya yadda zan gaya wa Yaya Rabi.

Ranar Lahadi da hantsi Baba Baduku ya same ni zaune kan fatun. Ya rufe shago, ya sa wata tsohuwar hula mai baki, ya rataya madubin hangen nesa a wuya.

"Tashi, Edi. Ina da biye biyu, tikitin shiga kallo. Abokina da muke zuwa tare yana asibiti, kujerarsa ba za ta zauna banza ba."

"Ina za mu, Baba?"

"Besbol."

Na ce ban san shi ba. Ya ce shi ma bai san akuyar Maradi ba sai da na kawo masa.

Filin ya ci mutanen da suka fi na babbar kasuwa yawa. Ciyawa kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Kujerunmu na talakawa ne, can ƙarshen fili cikin rana, inda ƴan wasan suke kamar ƴan tsana. Wani ya wuce yana tallar gyaɗa soyayya da ɓawonta, Baba ya saya mana. Da na ji kuɗin ƙullin na kusa mayar masa. Na ce a ƙasarmu da wannan kuɗi tiya za a auno maka. Ya ce to me ya sa na kawo fata ban kawo gyaɗa ba. Wannan ita ce dariyata ta farko tun ranar tayin.

Ya yi mini bayanin wasan da yatsa da guntun Faransanci. Masu fararen kaya ƴan gari ne, masu ruwan toka baƙi. Akwai mai jifa a kan ɗan tudu a tsakiya. Akwai mai sanda da ke jiran ƙwallon ya doke ta. Bayan mai sanda akwai wani a tsugune, fuskarsa cikin takunkumin ƙarfe, shi ke cafe abin da ya wuce. In mai sanda ya doki ƙwallo ba a cafe ta a sama ba, sai ya ruga. Zango uku ne a gabansa, na huɗun shi ne inda ya tashi, gida suke ce masa. Sai wanda ya zagayo ya taka gida ake rubuta wa ci. In jifa mai kyau ta wuce shi, ko ya kai duka ya sami iska, har sau uku, ya fita. In mai jifa ya yi ta banza sau huɗu, mai sanda ya tafi zangon farko kyauta. Mutum uku suka fita sai a juya, masu jifa su koma duka. Haka har juyi tara.

Na zauna ina jiran a fara, ashe an daɗe da farawa. Mutum ya zo da sanda, ya tsaya, ya koma. Wani ya zo ya doka, a cafe, ya koma. A babban allo sai zero ake jerawa, na sama zero, na ƙasa zero, kamar ƙwan zabi. Amma mutane sun yi tsit suna kallo, irin tsit ɗin da ake yi a filin kokawa in manya biyu sun riƙe juna an daɗe ba wanda ya motsa. Daga nan na gane akwai abin da suke gani da ban gani ba.

"Dubi namu," in ji Baba, ya ba ni madubin.

Mai jifan ƴan gari ba yaro ba ne. Akwai fari a gemunsa, yana da ɗan tumbi, in ya sunkuya sai ya dafa gwiwa. Na baƙin kuwa saurayi ne, jifarsa sai ka ji ƙararta a safar hannun mai tsuguno kafin idonka ya ga ƙwallon. Baba ya ce namu ma haka yake a da, shekaru suka cinye masa kafaɗa, ana ta cewa bana ce shekararsa ta ƙarshe. Abin da ya rage masa wayo ne. Ya jefa wannan ciki, waccan waje, wata a hankali kamar zai miƙa maka da hannu, wata ta taho sosai sai ta faɗi a gabanka. Samari majiya ƙarfi suna kai duka har su juya, su sami iska. Bai taɓa ɗaga hannu ya yi murna ba. Ya karɓi ƙwallo, ya murza ta, ya jira na gaba.

Kujerun arha suna da amfani ɗaya: mai tsuguno yana fuskantarmu sosai. Da madubin na ga kafin kowace jifa yana sa hannu tsakanin cinyoyinsa, inda mai sanda ba ya gani, yana nuna yatsu. Ɗaya, ko biyu, ko uku. Wani lokaci dattijon ya gyaɗa kai ya jefa. Wani lokaci ya girgiza kai, sai a sake yatsu.

"Baba, me yake nuna masa?"

"Yana ba shi shawarar irin jifar da zai yi. In bai yarda ba ya ƙi, a kawo wata."

Nan wasan ya buɗe mini gaba ɗaya. Ai ciniki ne. Mai tsuguno dillali ne, yana kawo tayi a ɓoye. Mai jifa shi ne mai kaya. Mai sanda kuwa mai saye ne da ke ƙoƙarin gane abin da ke cikin buhu kafin a kwance. Sana'ata ce aka shimfiɗa kan ciyawa. Da dattijon ya sake girgiza kai na yi dariya na ce da Hausa, "Albarka, ya ce."

Baba ya juyo. "Mene ne wannan kalma? Na ji ka faɗe ta ran nan."

Na yi ta laluben Faransanci. Na ce a kasuwarmu ba a ce wa mai tayi a'a tsirara, rashin kunya ne. Sai ka ce albarka. Ma'anarta kuɗinka su yi maka albarka a aljihunka, kayana na nan. In ka yarda kuwa, sai ka ce na sallama. Kafin wannan kalma ba a yi ciniki ba.

Ya cire hularsa ya riƙe. "Edi. Ran nan a shagona a'a ka ce?"

"A'a na ce."

"Abokinka ya ce wa mutumin wai ka ce Allah ya sa wa cinikin albarka. Da kunnena na ji. Na ɗauka matsuwa ce ta sa ka yarda, shi ya sa na yi shiru. Kayanka ne."

Na zauna gyaɗa a hannuna ban fasa ba. Na tuna Ɗan Ladi da sabon takalmin da na gani a ƙafarsa ranar tayin, na gane la'adarsa daga wane gefe take fitowa. Na gaya wa Baba maganar hannu da polis. Ya yi wata ƙara a maƙogwaro.

"Ka sa hannu a takarda?"

"A'a."

"Ka karɓi kuɗi, ko kaɗan?"

"A'a."

"To ba polis ɗin da zai taka ƙofata kan wannan. Dubi can." Ya nuna tudun da haɓa. "Ƙwallo na hannunsa. Sai ya sake ta ake cewa ya yi jifa."

Ya kamata in ji sanyi, amma ban ji ba. Sabon lissafi ya taso mini. In na ƙi, mai saye ɗaya tak da na samu a duk Amirka ya tafi, Ɗan Ladi ya tafi da harshensa, ni da fatu da biza mai ƙarewa. Tayin banza ma kuɗi ne. In na ƙi shi ina iya komawa hannu wofi. Ina wannan tunani, zero na ƙaruwa a allo, har aka shiga juyi na tara ba wanda ya taka gida.

Baƙi ke da sanda. Na farkonsu ya taɓa ƙwallon da ƙyar, ta gangara a hankali inda ba kowa, ya kai zangon farko kafin a ɗauko. Na biyu bai kai duka ba, ya tara sandar kawai ƙwallon ta faɗi gabansa, aka fitar da shi, amma abokinsa ya kai zango na biyu. Baba ya ce da gangan ya ba da kansa. Na uku ya doka ta ƙasa aka fitar da shi, mai gudun ya kai zango na uku. Mutum biyu sun fita, saura ɗaya, ga mutum a bakin gida. Wanda ya taso da sanda kuwa, tun daga yadda filin ya yi guna-guni na san shi ne sarkin dukansu.

Mai horar da ƴan gari ya fito daga rumfar ƴan wasa yana tafiya a hankali zuwa tudu. Baba ya ce ƙwallon zai karɓa ya ba wani yaro mai sabon hannu. Na sa madubi. Ya miƙa tafinsa. Dattijon ya sa ƙwallon a bayansa, ya dube shi, ya girgiza kai. Sun ɗan yi magana, mai horarwar ya dafa masa kafaɗa ya koma shi kaɗai. Filin ya ɗauki sowa. Dattijon bai ko ɗaga ido ba, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana numfashi da baki.

Jifar farko ta wuce mai sanda yana kallo, alƙali ya ce mai kyau ce. Ta biyu ta faɗi ƙasa, bai taɓa ba. Ta uku ya kai mata duka ya sami iska. Saura ɗaya. Mai tsuguno ya nuna yatsa, dattijon ya girgiza. Ya sake, ya girgiza. Ya sake, ya girgiza. Sai mai tsugunon ya ɗan tsaya, ya nuna wata, shi kuma ya gyaɗa kai.

Ban taɓa ganin jifa mai sanyi irin wannan ba. Ta taso kamar ba za ta iso ba. Sarkin dukan ya riga ya zuba ƙarfinsa, jikinsa ya wuce gaba, ya ruɗu sarai. Amma bakin sandar ya ɗan same ta. Sandar ta tsage, ƙwallon ta tashi ba ƙarfi, kamar kaza ta yi tsalle, ta bi ta saman wani mai tsaro da ya miƙe iya tsawonsa, ta wuce safarsa da abin da bai kai taƙi ba, ta faɗi a ciyawa. Na zango na uku ya taka gida.

Dattijon ya dubi inda ƙwallon ta faɗi, ya miƙa safarsa a ba shi wata. Ya fitar da mai bi da jifa uku. Da ya sauko daga tudu yana tafiya zuwa rumfa, filin duka ya miƙe tsaye, har da waɗanda suka zo goyon baƙi. Ya taɓa bakin hularsa sau ɗaya ya shige. Ni ma na sami kaina a tsaye ina tafi, ɓawon gyaɗa na zuba daga rigata.

Ƴan gari suka karɓi sanda. Sun kai mutum har zango na uku, ya tsaya can yana rawar ƙafa har aka fitar da na ƙarshensu. Ɗaya da zero, baƙi suka ci. Na tambayi Baba ko ba a rubuta wa wanda ya kai zango na uku komai. Ya ce ko rabi. Na tuna mutanen ɗakin Niw Yok.

A hanyar komawa na ce, "Da ya bi ta farkon da aka nuna masa fa?"

"Wa ya sani? Wataƙila da an doke ta har tabki." Ya gyara madubin a wuyansa. "Ya yi jifar da ta dace, aka ci shi. Yana faruwa. Amma tasa ce. Yau zai ci abincinsa."

Litinin da safe kamiyo ya tsaya a ƙofar shago. Baturen ya shigo da ma'aikata biyu, Ɗan Ladi na gaba yana fara'a. Suka iske ni zaune kan ɗaurin fatu, Baba Baduku a bencinsa yana buga ƙusa a dunduniyar wani takalmi.

"Yaya Idi, sauko a ɗauka."

Ban dube shi ba. Baturen na duba, na girgiza kai.

Ya tsaya. Ya yi magana da Ɗan Ladi da sauri. Ɗan Ladi ya matso ya rage murya. "Haba, Yaya, kada ka kunyata ni gaban mutane. Ka riga ka sayar."

"Ka ji na ce na sallama?"

"Ai nan ba a..."

"Ɗan Ladi, ubanka ya sayar mini da rago a Kornaka, ya ce mini albarka har sau huɗu kafin mu daidaita. Ka san kalmar."

Baturen ya faɗi wani tayi, ya nuna da yatsu, ya ɗan ɗara na farko. Na sake girgiza kai, a hankali, yadda na ga an yi. Sannan na juya ga Ɗan Ladi na ce, "To, wannan ma fassara masa."

Baba bai ji Hausa ba, amma ya aje gudumarsa ya yi wa Baturen ƴar gajeriyar magana da Ingilishi. Fuskar mutumin ta ƙara ja, ba ni ya harara ba, Ɗan Ladi ya harara. A gaskiya ban ga laifinsa ba, abin da aka gaya masa ya ji. Ya ɗaga mini hannu ya fita da ma'aikatansa. Ɗan Ladi ya bi su a baya, ban ƙara ganinsa ba sai bayan shekaru, a wata jana'iza, muka gaisa kamar mutane.

Kada wani ya zaci daga nan arziki ya sauko. Sauran kwanakin bizata na yi su ne a ƙafa da cikin bas, ɗaurin fata a kafaɗa. Baba ya san masu ɗinka jaka da masu rufe littattafai da masu gyaran kujeru a unguwanni, shi ke kai ni bayan ya rufe shago, shi ke yi mini magana. In na girgiza kai ya ce musu a'a, bai taɓa ƙara ko rage ba. Muka sayar da fiye da rabi da daraja. Ragowar lokaci ya ci su. A makon ƙarshe na ba wani mai shago su da araha ƙwarai, amma ni na faɗi kuɗin, ni na ce na sallama. Na zaɓi fata biyu mafi laushi na aje wa Baba kan bencinsa. Ya ce zai yi wa abokinsa na asibiti silifa. Mutanen Niw Yok sun ce in zauna in yi taksi in mayar da abin da na rasa. Na gode musu, na shiga jirgi kafin biza ta mutu.

Da na isa Ajekoriya na tsaya a ƙofar Yaya Rabi da tumaki goma sha biyu da na saya a hanya, na gaya mata komai da bakina. Ta zagaya su tana duba haƙora, ta ce biyu sun fi nata tsufa. Na ce na sani. Ta ce in shigo in sha fura.

Ga lissafin. Tumaki sun dawo, babu riba ko ta ɗan rago. Cikin shanu tara, huɗu suka dawo. Raƙuma uku ba su dawo ba har yau, kuma na daina jiransu. Da na karɓi tayin farko, da ko tumakin ban gani ba. Amma da ban tafi ba sam, da ina da komai, wannan ma gaskiya ce, ba na ɓoye ta. An ci ni a Amirka ɗaya da zero. Jifar dai tawa ce, kuma ranar na sha furata.